Wayar Lahadi a Kan Dutse

Yayana ya ƙare ƙuruciyarsa yana binciken yadda sauti ke tashi daga kunne ya isa ƙwaƙwalwa, ubansa kuwa kurma ne. Idan na faɗi haka mutane sukan yi dariya, da ni ma nakan taya su. Yanzu na daina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen nan biyu sun yi shekaru suna son abu ɗaya, wato Yaya ya dawo gida ya zauna kusa da Baba tun tsohon yana da rai, kuma kowace Lahadi suna magana ta waya, amma abin bai yiwu ba.

Baba sojan igwa ne a lokacin yaƙin basasa. A Zuru wannan ba abin a tsaya ana kallon mutum ba ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba. Kafin soja kuma ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru, shi da abokansa, kafin a ba shi mata. A wannan noman ba a cewa na gaji, a soja kuma ba a cewa ban ji ba. Da waɗannan biyun aka gina Baba. Tun muna yara kunnensa na dama ya tafi, igwa ta cinye shi, na hagu kuma yana ta ja da baya a hankali. Amma ka kuskura ka ce masa bai ji ba, ranar za ka san gidan wa ka shigo. Ya iya kallon bakin mutum ya tsinci magana, har baƙo ya zo ya tafi bai gane komai ba.

Ranar da Yaya ya ce shi ba zai shiga soja ba, jami'a za shi, Baba bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da an wuce wurin. Miƙewa ya yi ya ɗauki fartanya ya tafi gona, bai dawo ba sai da rana ta faɗi. Daga jami'a Yaya ya samu tafiya ƙasar Turawa, ya yi digiri a kan digiri, sai ga labari ya iso mana cewa mujiya yake kiwo a ɗakin bincike. Mama, Allah ya ba ta hutawa, har coci ta kai maganar aka taya ta addu'a. Da ya zo hutu ya yi mana bayani cewa mujiya tana kama ɓera cikin duhu da kunne kawai, shi kuma yana son ya gane yadda ƙwaƙwalwarta ke sanin daga ina motsi ya fito. Baba ya gama kallon bakinsa, ya juyo gare ni ya ce, "Na haihi ɗa don shi riƙe bindiga, ya tahi shina gadin mujiya." Yaya ya yi dariya tare da mu, amma na ga inda maganar ta sauka.

Bayan rasuwar Mama ni na koma gida na zauna da Baba, tunda mijina ma soja ne, kullum yana can inda aka tura shi. Malamar firamare ce ni, muryata ta saba da aji mai cike da yara, bakina kuma ya saba buɗewa sosai. Shi ya sa a duk gidan ni kaɗai Baba yake fahimta ba tare da wahala ba, ko da yake yakan ce ni ce na fiye ihu.

A farkon shekarun dubu biyu Yaya ya zo da wata na'ura a cikin akwati, ya ce yana so ya gwada kunnuwan tsofaffin sojoji, ya ga irin ɓarnar da ƙarar bindiga take yi bayan shekaru. Lokacin hutun makaranta ne, sai na ba shi ajina. Gwajin ba shi da wuya. Za a sa wa mutum abin saurare a kunnuwa biyu, Yaya ya danna wani maɓalli, wani siririn sauti ya fita, idan ka ji sai ka ɗaga hannu. Ya aika a gaya wa tsofaffin, su kuwa suka ɗauka duba sojoji za a yi. Da safe sai ga su sun zo cikin tsohon kakinsu, an goge shi har yana tsayawa da kansa, wasu da lambobinsu a ƙirji. Har daga Ribah da Dirin Daji wasu suka hau kabu-kabu suka zo. Baba ne ya fara zama, tunda ɗansa ne ofisan.

Ya ci gwajin, bai kuskure sauti ko ɗaya ba. Na bayansa ma haka, na bayan wancan ma haka. Zuwa azahar Yaya ya fara sosa ƙeya. Mutanen da suka kwana suka tashi kusa da igwa, wasu ko sallama ba sa amsawa sai an taɓa su, ga su suna jin sautin da ni mai ƙuruciya sai na kasa kunne sosai nake jinsa. Ya buɗe na'urar ya duba, ya sake gwadawa a kansa, lafiyarta lau.

Washegari asiri ya tonu. Akwai wani abokin Baba, mai busa begila ne a zamaninsu, ɗan siriri mai yawan fara'a. Tun ranar farko ya kafa kansa a taga, a bayan Yaya, kamar mai shan iska. Ashe yatsan Yaya yake kallo. Da zarar yatsa ya sauka a kan maɓalli sai ya taɓa hularsa, wanda ake gwadawa kuma ya ɗaga hannu. To rannan sai ƙuda ya sauka masa a goshi, ya kai hannu ya kore shi. Tsohon da ke kan kujera ya ɗaga hannu sama cak, alhali Yaya bai ma kunna na'urar ba, yana neman alƙalaminsa a ƙarƙashin tebur.

Yaya ya yi dariya har da hawaye. Da ya natsu ya tambaye su me ya sa suka yi masa haka, shi da ya zo taimakonsu. Wani tsohon saje ya miƙe ya ƙame ya ce, "Dokta, mu ba mu barin mutum shi hwaɗi shi kaɗai gaban ohisa. Haka munka taso." Babu wanda ya ji kunya a cikinsu, su a wurinsu aiki ne suka yi da kyau. Aka rufe taga aka sake gwaji, gaskiya ta fito, kuma ba ta yi daɗi ba. Baba ne kaɗai ya ƙi sake zama. Ya ce, "An gwada ni na ci. Soja ba ya maimaita hwareti don ohisa ya yi sakaci." Yaya bai matsa ba. A lokacin kunnen hagun yana ɗan taɓukawa, kuma ina jin Yaya ba ya son ya zama shi ne zai kayar da ubansa a gaban abokansa.

Da la'asar muna zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, Yaya ya ce mini, "Kin san laifin ba nasu ba ne. Duk gwajin da sai ka tambayi mutum, mutuncinsa kake aunawa, ba kunnensa ba." Na ce to ai sai ya tambayi kunnen. Da wasa na faɗa. Ya dube ni ya ce abin da zai yi ke nan.

Haka kuwa aka yi. Da ya koma ya rabu da mujiyoyinsa ya koma kan mutane. Da ma akwai hanyar da ake manna wasu 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne, a saki sauti, a ga ko jijiyar ji ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, ba sai mutum ya ce komai ba. Sai dai na'urar babba ce, sai manyan asibitoci, kuma tana ɗaukar lokaci. Yaya da ɗalibansa suka duƙufa a kan yadda za a karanta amsar jijiyar nan da sauri, da kayan da za a iya ɗauka a jaka. Ya kuma bi diddigin yadda ƙara mai ƙarfi ke raunana jijiyar, ta ci gaba da mutuwa a hankali bayan an daɗe da daina jin ƙarar. Ban iya karanta abubuwan da ya rubuta ba, na gwada na ajiye. Abin da na sani shi ne aka fara kiransa ƙasa-ƙasa yana jawabi, ɗalibai suna zuwa daga nesa su koya a hannunsa su koma garuruwansu, kuma ana gwada jarirai da irin hanyarsa tun suna cikin zanen goyo, su da ba su iya ɗaga hannu ba balle ƙarya. Ya ce mini duk inda ya tsaya jawabi da labarin mai begila da ƙuda yake farawa, Turawa su yi ta dariya. Ina alfahari da shi, wannan ban taɓa ɓoyewa ba.

Ana cikin haka wayar hannu ta iso Zuru. Yaya ya aiko wa Baba da guda, ya ce zai riƙa kira kowace Lahadi bayan an taso daga coci. A unguwarmu a lokacin ba a samun sabis a cikin gida, sai an hau wani dutse da ke bayan gidanmu. Ranar farko na ɗauki wayar zan raka shi, Baba ya karɓe ya ce, "Zauna. Magana ta maza ce." Ya ɗauki sandarsa ya hau shi kaɗai.

Daga tsakar gida ina hango shi. Zai tsaya a saman dutsen da rigarsa ta coci, ya manna wayar a kunnen hagu, ya yi shiru yana gyaɗa kai, can ya yi magana, wani lokaci har ya yi dariya. Idan iska ta juyo nakan tsinci abin da yake faɗa, kusan kullum iri ɗaya ne. "Lahiya lau muke. Ruwa ya sauka. Riƙe aikinka, ka zauna inda anka aje ka. Babu komi nan." Na ɗauka gaisuwa ce irin ta maza. A cikin gida ina ganin jinsa yana ƙara raguwa, kwano zai faɗi a bayansa bai waiga ba, kuma na gaya wa Yaya. Ya ce haka ne, amma waya tana kai sauti cikin kunne kai tsaye, ga shi kuma suna hira lafiya lau, Baba yana amsa masa daidai. Wanda ya san aikin ya faɗi haka, ga idona kuma yana nuna mini tsoho yana dariya a kan dutse, sai na yarda.

A shekarun nan ne Baba ya fara wani aiki a filinsa da ke gefen gida. Ya sa aka share, aka buga bulo aka jera, ya dasa mangwaro a kusurwa yana ba shi ruwa da hannunsa. Na tambaye shi na wane ne. Ya ce, "Na mai mujiya." Na ce to ai sai ya gaya masa ya dawo. Ya harare ni. "Uba ba ya roƙon ɗa. Shi ya tahi da ƙahwahunai. Ran da ya tambaya, sai in ce mai shi taho." Ni kuma da na samu Yaya a waya na ce, "Wai kai ba za ka dawo ba ne? Tsohon nan fa ba ƙarami yake komawa ba." Ya ce, "Tambayi Baba." Na koma wurin Baba, ya ce, "Tambaye shi." Mazan gidanmu Allah ya ba su baki, amma don cin tuwo kawai. Na yi fushi da su biyun, na ce su ƙarata can.

Wajen ƙarshen shekarun nan Yaya ya zo hutun Kirsimeti da sabuwar na'urarsa, zai nuna wa wasu ma'aikatan jinya yadda ake gwada jarirai. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kai. Tsakaninsa da Baba gaisuwa ce da girmamawa, kamar baƙo da mai masauki. Mai begila ya riga ya rasu a lokacin, tsofaffin ma sun ragu sosai.

Wata safiya Yaya yana harhaɗa kayan a falo, Baba ya fito ya tsaya a kansa. Ya ce yana so ya ga abin da ya riƙe masa ɗa. Yaya ya ce bari ya nuna masa a kaina. Na kwanta a kan doguwar kujera, ya manna mini wayoyi, ya sa mini abin saurare, na ji wani ƙas-ƙas-ƙas a kunne. Da aka gama ya juyo da kwamfutar ya nuna mana wani layi da ya tashi ya sauka, ya sake tashi, kamar duwatsun bayan garinmu idan ka hango su daga hanyar Ribah. Ya ce kowane tudu wani zango ne da saƙon ya wuce a hanyarsa ta zuwa ƙwaƙwalwa. Baba ya duba ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Gwada ni. Na ci wancan, ina cin wanga."

Yaya bai so ba, amma ba a musu da Baba. Ya kwantar da shi, ya goge masa goshi, ya manna wayoyin. Baba ya ce, "To mi za ni yi?" Yaya ya tsaya a gabansa ya ce, "Babu komai, Baba. Kwanciya kawai, ba sai ka ɗaga hannu ba." Baba ya ce wane irin gwaji ne wannan da mutum ba ya yin komai. Na ga ya kai ido taga, babu kowa a wurin.

Aka fara. Layin ya fito a miƙe, babu tudu ko ɗaya. Yaya ya ƙara sauti, ya sake ƙarawa. Ya koma kunnen hagu, wanda duk muka dogara da shi, ya ƙara har ƙarshe, har ni da ke bakin ƙofa ina jin ƙas-ƙas ɗin yana fitowa. Layin yana nan a kwance. Baba kuwa yana kwance idonsa a rufi, can sai ya ɗaga hannu a hankali, ya sauke. Ya jira kaɗan, ya sake ɗagawa. Haka ya yi ta yi, hannun nan da ya riƙe fartanya ya riƙe igwa yana tashi yana sauka, babu abin da yake amsawa. Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan ba.

Yaya ya kashe na'urar. Ya tayar da Baba zaune, ya durƙusa a gabansa yadda zai ga bakinsa, ya ce a hankali, "Baba, me nake gaya maka a waya?"

Baba ya ce, "Gaisuwa. Kana lahiya, yara na lahiya."

"Daminar bara fa? Me na tambaye ka?"

Baba ya dube ni. Ni ma ban san komai ba.

Sai Yaya ya faɗa. Wata jami'a a nan Arewa, tafiyar yini ɗaya daga Zuru, ta neme shi ya zo ya kafa ɗakin bincike. Matarsa ta yarda, ya fara duba wa yara makaranta. Abu ɗaya ya rage, ya ji daga bakin Baba cewa yana son ya dawo. Ya tambaya wata Lahadi, Baba ya ce riƙe aikinka, ka zauna inda aka ajiye ka. Ya ce ko tsohon bai gane ba ne, ya sake tambaya Lahadi ta gaba, amsa ɗaya. Duk daminar nan yana tambaya. Ranar ƙarshe har ya ce, "Baba, in don ban shiga soja ba ne, ka yafe mini," sai ya ji Baba ya yi dariya ya ce babu komai a nan. Daga nan ya rubuta wa jami'ar ya ce su nemi wani, ya karɓi kujerar da ake ta ba shi a can, da ɗalibai da aikin shekaru a kansa. Bai gaya wa kowa ba, ni ma bai gaya mini ba.

Maganar ta yi wa Baba tsawo, kuma Yaya yana yi yana sunkuyar da kai, bakinsa ba ya ganuwa. Baba ya juyo gare ni ya ce, "Mi ya ce?" Tunda nake ban taɓa jin ya yi wannan tambayar ba. Na durƙusa na buɗe bakina irin na aji na ce, "Ya tambaye ka ko ya dawo gida. Ya yi ta tambaya. Ka ce ya zauna."

Baba ya dube ni, ya dubi Yaya. Sannan ya miƙe, wayoyin suna reto a goshinsa, ya kama Yaya a wuyan hannu kamar ƙaramin yaro, ya ja shi waje. Na bi su. Ya kai shi filin nan, inda bulo ya yi baƙi saboda ruwan damina biyu, mangwaron kuma ya fi mutum tsawo. Ya nuna masa. Ya ce, "Ga ɗakinka nan. Ni kau ina jiran ka tambaya." Yaya ya zauna a kan bulon ya rufe fuska, mutum mai furfura, yana kuka kamar ranar da aka binne Mama. Baba yana tsaye a kansa, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Daga baya Baba ya gaya mini yadda yake yi. Tun shekarar farko maganar ta daina shiga. Amma idan ya manna wayar a ƙashin kumatunsa yana jin tana ɗan rawa lokacin da Yaya ke magana. Idan rawar ta tsaya sai ya faɗi nasa. Idan ta yi sauri sai ya ce labari ne mai daɗi, ya yi dariya. Abin da yake faɗa kuwa shi ne abin da ake gaya wa soja da ke bakin aiki, kada hankalinsa ya rabu biyu. Na ce, "Baba, me zai hana ka ce mini in hau in saurara maka?" Ya ce yaro ya bar gida ya tafi duniya a kan maganar kunne, sannan a ce ubansa ba ya ji? Ya za a kalle shi?

Yaya ya yi duk abin da ya sani. Ya gwada masa na'urar ƙara ji, ba ta yi komai ba, ya ce jijiyar ce ta tafi, kamar ka ƙara wa rediyo murya ne alhali an yanke waya. Ya yi maganar wata tiyata a waje, amma shi da kansa ya ce da wuya ta yi amfani, Baba kuma ya ce ba inda za shi. Aikin jami'ar nan an riga an ba wani. Yaya ya ce zai dawo ko babu aiki, a dai bar shi ya ga ɗalibansa na ƙarshe sun gama, ba zai watsar da 'ya'yan mutane a tsakiyar hanya ba. Ya ce Kirsimeti mai zuwa. Baba ya gyaɗa kai, wannan maganar ya gane ta.

Na ɗauka wayar Lahadi ta ƙare ke nan. A lokacin ma an kafa ƙarfen sabis kusa da mu, ko a ɗaka ana samu. Amma Lahadin farko bayan tafiyar Yaya, muna dawowa daga coci, Baba ya ɗauki sanda da waya ya nufi dutsen. Na ce ya bari in karɓa in riƙa gaya masa. Ya ce in zauna. Ya hau da ƙyar, yana hutawa a hanya. Ina wanke-wanke sai na ji muryarsa ta sauko, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Ba ni jin ka! Ka ji? Ba ni jin komi! Taho gida!"

Duk unguwa ta ji. Mata suka leƙo ta katanga, wani tsohon soja maƙwabcinmu ya tambayi jikarsa me ake cewa, da ta gaya masa ya cire hularsa ya riƙe. Mutumin da ya yi rayuwarsa bai taɓa cewa ban ji ba, ga shi a saman dutse yana shelarta wa gari. Kowace Lahadi haka yake yi. Yaya kuma bai fasa kira ba. Ya ce mini yakan yi ta magana ne don wayar ta yi rawa a kumatun Baba, yana ba shi labarin ɗalibai, da yara, da abin da ya rage, sannan ya yi shiru ya jira a ce masa ya taho.

Aka sa magina suka fara ɗora bulo. Ginin ya kai taga lokacin da dawa ta fara fitar da kai. Wata Asabar Baba ya dawo daga duba gona ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kuma wannan ma sai da na matsa ya faɗa. Muka kai shi asibiti. Da gari ya waye, ana buga ƙararrawar coci, ya cika.

Na dawo gida da rigarsa a hannu. Mutane sun fara taruwa, ana shimfiɗa tabarmi, wani yana cewa a kira Dokta, wani yana cewa a bari a samu babba ya gaya masa. Ban san lokacin wayar Lahadi ya yi ba sai da na ji rigar tana rawa a cinyata. Na zaro wayar daga aljihu na danna, na kai kunne. Yaya bai jira sallama ba, ya saba babu mai yi masa.

"Baba, ni ne. Ɗalibar nan tawa ta ƙarshe ta gama rubutunta, sun amince. Na sayi tikiti, Baba, da ni da yara duka. Ka ce wa magina su bar mini taga babba ta wajen mangwaron." Ya ci gaba da magana, muryarsa sake, har yana dariya, irin muryar da ban taɓa jin ya yi wa Baba ido da ido ba. Na ƙara manna wayar a kunne ina saurare. Can ya gama, ya yi shiru yana jira.

Na ce, "Yaya, taho gida."